Ranar da Iya Guo Ta Ga Wankanta

Quanzhou, ranar Litinin

Zuwa ga Yayata Guilan,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa ga yayarta, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya gwiwar taki? Yaya matan masallacinmu, musamman tsofaffin da ke zuwa karatun safe? Ki gaishe mini da su ɗaya bayan ɗaya.

Na iso lafiya, alhamdu lillahi. Na zo a kujerar jirgin ƙasa mafi araha kamar yadda na ƙudurta, ban kuma yi nadama ba sai a ƙugu. Gurasar da kika gasa mini ita ta ciyar da ni har nan. Duk tsawon hanya ina tuhumar kaina: mace ita kaɗai, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi nisa, ta bar miki aikin wankan gawa ke kaɗai domin ta ziyarci kaburburan magabata a bakin teku. Ziyara ce ta gaskiya, ko kuwa yawon buɗe ido ne na yafa wa mayafi? Har yanzu ban gama amsa wa kaina ba.

Na sauka a wani tsohon gida cikin lungu, a ɗakin mata mai gadaje masu hawa biyu. Mai masaukin sunanta Meizhu, sa'ata ce, tana da muryar da ake ji daga bakin titi. A zaurenta akwai gunki da turaren tsinke, a kicin ɗinta kuma akwai abin da kika sani, naman alade. Saboda haka na fito da 'yar tukunyata, nake dafa shinkafata a gefe. Da ta gan ni sai ta riƙe ƙugu ta ce, "Malama, har tukunya kika ɗauko daga Kaifeng? Ai da kin haɗo da rijiyar gidanku, kada ruwanmu ya ɓata miki ciki!" Na ci gaba da girkina. Na ga rashin amsar ya fi dacewa, ko da yake daga baya na yi zargin girman kai ne.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Jiya da hantsi ina alwala a tsakar gida da butata, sai na ji ana buga hannun kujera. Uwar mijin Meizhu ce, tsohuwa tukuf da ake kira Iya Guo, wadda ƙafafunta suka mutu, ake fito da ita shan rana. Ba ta jin harshenmu, sai nasu na nan lardin Fujian, don haka Meizhu ce ta yi mana tafinta. Tsohuwar ta ce haka uwarta take zuba ruwa, daga buta, ba a tsoma hannu cikin kwano. Ta ce su 'yan zuri'ar Guo ne na ƙauyen masunta da ke ƙetaren ruwa, kakanninsu Musulmi ne. Salla ta bar su tun da daɗewa, amma har yau ba a kai wa kakanni naman alade, kuma ita kanta ta daina cinsa tun da ta tsufa, domin ta je wurinsu da tsabta.

Ta tambayi sana'ata. Da Meizhu ta faɗa mata, sai ta kama hannuna ta ƙi saki. Ta ce tana ƙarama ta leƙa ta ga mata suna wanke kakarta a ƙarƙashin farin ƙyalle, da buta, ba namiji ko ɗaya a ɗakin. Matar ƙarshe da ta iya wannan a ƙauyensu ta daɗe da rasuwa. Ɗanta kuwa ya riga ya yi magana da masu sana'ar jana'iza, waɗanda za su zo da maza su goge ta da tsumma, su jibga mata riguna masu launi. Wannan ne ke hana ta barci. Roƙonta ɗaya ne: in koya wa Meizhu wankan kafin in tafi.

Yaya, kin san hukuncin kamar yadda na sani. Musulma ce ke wanke Musulma. Meizhu tana kunna wa gunki turare kowace safiya, ita ma Iya ban san a wane matsayi zan ajiye ta ba. Na ce zan yi tunani. Meizhu ta ce, "Yi tunaninki, Malama, amma ki hanzarta. Tsohuwar nan kullum sai ta yi mana alkawarin mutuwa, wata rana za ta cika."

Ki sa ni cikin addu'a. Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Hai Fenglian

Quanzhou, ranar Alhamis

Yayata Guilan,

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ki. Ina fata kina lafiya, ke da jikoki, kuma aikin bai yi miki nauyi a bayana ba.

Na yi ziyarar da ta kawo ni. Na hau motar haya zuwa tudun kaburbura, na yi wa magabata sallama, na karanta abin da ya sauwaƙa. Na zaci zuciyata za ta narke a wurin, sai ga ta a bushe, domin a ranar da safe na riga na gaya wa Iya Guo cewa ba zan iya ba. Na faɗa da ladabi, na kawo hujja. Ba ta yi kuka ba. Ta dai sa Meizhu ta juya mata kujera ta fuskanci bango. Ina tsaye gaban kabarin mutanen da suka ƙetaro teku domin su kawo wa baƙi addini, ni kuwa na kasa ƙetare tsakar gida. Wannan tunani ya dame ni. Amma na kuma ji tsoron kada tausayi ya sa in taɓa abin da ba ni da ikon taɓawa. Wanne ne daga Allah, wanne ne daga son rai? Na rasa mai rarrabe mini.

Jiya da rana na dawo da wuri saboda ruwan sama. Ƙofar ɗakin Iya a buɗe take kaɗan, Meizhu ta hango ni ta ƙwala mini kira: "Malama, in hannunki bai fi ƙarfin tawul ɗinmu ba, miƙo mini shi!" Na shiga, na tarar tana yi wa tsohuwar wanka. Na yi niyyar miƙa tawul in fita, amma na tsaya.

Ke da ni mun daɗe a wannan aiki, mun ga hannaye iri-iri. Mun ga 'ya'yan cikin mamaciya suna taɓa uwarsu da ɗan yatsa suna kau da kai. Matar nan kuwa ta rufe tsohuwar da zane, ba ta buɗe ko'ina sai inda take wankewa. Ta gwada ɗumin ruwan a bayan hannunta. Da za ta juya ta, sai ta sa kan tsohuwar a ƙirjinta tukuna. Duk wannan bakinta bai huta ba. "Ɗaga hannu, sarauniya. Kullum ba kya cin abinci, amma nauyi kamar buhun gishiri." Tsohuwar ta mayar mata da wata magana, Meizhu ta fashe da dariya ta ce mini, "Wai ta ce da ta san bakina haka yake, da ta aura wa ɗanta kurma." Na tambaye ta tun yaushe take wannan hidima. Ta ce tun ranar da ƙafafun suka mutu, kuma ba ta taɓa bari wani ya yi ba, domin tsohuwar tana da kunya.

Da aka gama, na zauna a bakin gadon. Na ce wa Meizhu ta fassara mini ba ƙari ba ragi. Na tambayi Iya wa take tsammanin za ta tarar idan ta tafi. Ta ce uwarta ta gaya mata Na Sama ɗaya ne, ba shi da siffa, shi ya sa ba a sayar da shi a kasuwa kamar na zaure. Meizhu ta fassara, sannan ta ce, "Kin ji ko? A gidana take cin abinci, tana zagin gunkina." Na tambayi Iya ko tana so ta faɗi kalmar da kakanninta suke faɗa. Ta ce abin da take jira ke nan, ba wanda ya taɓa yi mata tayi. Na faɗa a hankali, na bayyana ma'anarta, ta maimaita a bayana. Harshenta ya yi tuntuɓe, amma ba ta tsaya ba sai da ta kai ƙarshe.

Yanzu rabin matsalar ya warware, saura rabi: wa zai wanke ta? Ni mai tafiya ce. Meizhu na da hannu, amma ba zan yi mata ƙarya in ce ya halatta ta yi ita kaɗai ba, ba kuma zan matsa mata ta faɗi abin da bai kai zuciyarta ba domin kawai a sami mai wanka. Na ɗage ranar dawowata. Ki yi mini haƙuri, ki kuma nemi Shulan ta masallacinmu ta riƙe miki buta idan an yi rasuwa.

Ki huta lafiya.

Taki a kullum,
Fenglian

Quanzhou, ranar Lahadi

Yayata abar ƙaunata,

Sallama irin ta addinin Musulunci, tare da fatan alheri gare ki da duk wanda ke ƙarƙashin inuwarki. Ina fata sanyin asuba bai tayar miki da ciwon gwiwa ba.

Albishirinki. A bayan lungunmu akwai ƙaramin shagon taliya na wasu Musulmi 'yan lardin Qinghai, inda nake zuwa jefi-jefi idan shinkafa ta gundure ni. Matar mai shagon sunanta Salimai, mai salla ce, mai yawan kunya. Bayan sallar Juma'a na je na gaya mata halin da ake ciki. Ta zaro ido ta ce, "Anti, ni? Ni da ko kaza aka yanka sai na shige ɗaki! A garinmu tsofaffi ke wannan aiki." Na ce mata a garinsu akwai tsofaffi, a lungun nan kuwa ita ce tsohuwar, ko tana so ko ba ta so. Na ji nauyin maganar bayan ta fita, amma mijinta da ke jan taliya ya ce, "Je ki mana. Mu ma nan za mu mutu wata rana, wa kike tsammani zai zo?"

Jiya da hantsi muka taru a ɗakin Iya. Na sayo farin yadi a kasuwa, na nuna musu yadda ake yanka likkafani ba tare da ɗinki ba. Na ɗauko matashin kai dogo domin mu yi gwaji a kansa, kamar yadda kika koya mini. Iya ta ga matashin, ta tambayi amfaninsa. Da aka gaya mata sai ta ɓata rai. Meizhu ta ce, "Wai ta ce matashi ne zai mutu ko ita? A kanta za a gwada, tana so ta ga abin da za a yi mata."

Na yi jinkiri, Yaya. Ban taɓa jin an yi haka ba. Amma na duba, ban ga inda aka hana a yi wa mai rai wanka ba, kuma lokacin wankanta ne ma. Na dai ƙi yarda a naɗe ta cikin likkafanin; wannan na ce sai ranarsa.

Muka kwantar da ita, muka rufe ta da zane. Na raba musu aiki: Salimai ce mai niyya da wankewa, Meizhu ce mai zuba ruwa da juyawa, tunda ba wanda ya san jikin nan kamarta. Na nuna musu yadda ake naɗe hannu da ƙyalle, a fara da tsarki, a yi alwala, a wanke dama kafin hagu, a sa kafur a ruwan ƙarshe, a raba gashi a kitse. Salimai ta ruɗe har ƙyallen ya faɗi daga hannunta. Iya, wadda ta rufe ido ta miƙe sambal kamar da gaske, ta buɗe ido ɗaya ta yi magana. Meizhu ta ce, "Gawa ta ce ki kwantar da hankalinki, ba ta cizo, haƙoranta na cikin kofi." Salimai ta yi dariya har da hawaye, daga nan ba ta sake ruɗewa ba. Ni ma na yi dariya, a wurin da ban taɓa dariya ba tsawon rayuwata. Na nemi gafarar Allah idan kuskure ne, amma zuciyata ba ta gaya mini kuskure ne ba.

Wani abu ya ba ni mamaki. Da aka zo zuba ruwa, Meizhu ta yi shiru. Ta riƙe butar da hannu biyu, tana zubawa daga kafaɗa zuwa ƙafa a hankali, hawaye na bin fuskarta. Da ta lura ina kallonta sai ta ce, "Kafur ɗinki ne, Malama, yana shiga ido."

Da yamma mijin Meizhu ya dawo, ya fara faɗa cewa ya riga ya yi magana da mutane, za a ce ya yi wa uwarsa rowar jana'iza. Meizhu ta ce, "Ka kira masu ganga su cika titi in kana so, ba wanda ya hana ka. Amma ɗakin nan namu ne. Ka taɓa wanke mata ko ƙafa?" Ya dubi uwarsa, ta dube shi. Ya sunkuyar da kai ya ce a yi yadda take so. Salimai kuma ta yi alkawarin mijinta zai sanar da limamin masallaci idan lokaci ya yi, domin a yi mata salla.

Yau da safe na je yi wa Iya sallama, na same ta tana shan kunun shinkafa, har tana neman ƙari. Meizhu ta ce rabon da tsohuwar ta yi barci irin na jiya an daɗe. Na tambayi tsohuwar ko akwai abin da ya rage a ranta. Ta yi tunani, sannan ta ce wankan ya yi mata daidai, sai dai a ƙara ɗumin ruwan a ranar. Ta kuma ce tunda yanzu ta san yadda abin zai kasance, ba ta ga dalilin gaggawa ba.

Gobe in Allah ya yarda zan kamo hanya. Ki gaya wa matan masallaci su sa sunan Iya Guo cikin addu'ar safe, cikin masu rai. Ki sa da Meizhu.

Wassalam.

Ƙanwarki mai kewarki,
Hai Fenglian