Giris Ɗin Da Na Sa Wa Birki

Barmu, ranar Litinin.

Ɗana Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Yaya aiki? Ni dai numfashi sai a zaune, ido kuma kullum ƙara dushewa yake.

Abin kunya ya same ni. Makon jiya birkin motarmu ya dame ni da kuka, na lallaba na shafa wa ƙusoshinsa giris. Ashe gwangwanin giris na rulma, wato boris ɗin taya, na ɗauka, ba farin nan da ba ya cin roba ba. Robobin ƙusoshin suka kumbura, birki ya cije, maƙwabcina Isa da ke tuƙa ni ya kasa motsa ta. Ni da na shekara talatin a gareji ina yi wa mutane faɗa kan wannan!

Sani, Alhamis likita ke jirana a Tawa. Maganin zuciyata saura na kwana uku, kuma ba zan iya cunkoson motar haya ba. Don Allah ka aiko da sababbin robobi da farin giris, ko ta hannun wa.

Ka gaida kowa, ku sa ni a addu'a.

Mahaifinka,
Abdu

Na kira wani makanike, ya ce zai zo da hantsi, tun safe nake bakin ƙofa, ga la'asar ta yi, bai zo ba.