Ƙugiya Biyu, Duka Suna Lilo

Zuwa ga ƙanena Jibrilla,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka a can wajen Michika. Mu nan Sabon Layi lafiya lau, ban da ciwon kan da ka saka mini.

Na rubuto a nan shafinka inda kowa zai karanta ne, tunda mai gyara wa jama'a sabis shi ne ba ya ɗaukar waya. Amma saka hoto kam, kana da lokacinsa.

Na ga na jiya. Kana can ƙolin ƙarfen sabis, hannu ɗaya a ƙarfe, ɗayan kana ɗaga wa duniya. Abokanka sai kirari suke zuba maka. Ni kuwa da na saba juya atamfa har in gano inda aka ɓoye tabo, sai na ja hoton da yatsu na duba. Bel ɗin hawa yana jikinka, ya zauna maka ɗas. Ƙugiyoyin nan biyu kuwa suna lilo a cinyarka, ba wadda ta kama komai.

Kai da bakinka ka koya mini. Ranar da aka ba ku kayan hawa, ka hau mangwaron gidanmu kana gwada mana. Ka ce, "Adda, ba a cire ɗaya sai ɗayar ta kama. Igiya kuma sai an shafa ta da hannu kafin a hau." Har guɗa na yi maka. Ashe talla ka yi mini, ni da nake sayar wa mutane yadi tun kana yawo da majina.

Na san amsarka. Za ka ce maƙala ƙugiya a kowane mataki ɓata lokaci ne, ga rana tana gasa ƙarfe. Za ka kuma maimaita maganar nan da na tsana, wai wanda ya fita daga Mubi da ƙafarsa ranar da 'yan bindiga suka shigo mana gari, ƙarfe ba zai kashe shi ba.

Tare muka fita, Jibrilla. Ni da buhun gari a ka, kai ka goyi mahaifiyarmu Dada muka haye kogi, muka bi duwatsu har Maiha. Yayanmu Hamma Sale ya ce bari ya koma ya rufe shago, zai same mu a hanya. Har yau idan aka taɓa ƙofa sai Dada ta ɗaga kai. Ranar nan ba wanda ya yi maka alkawarin ba za ka mutu ba. An dai bar wa tsohuwa ɗa namiji guda, shi ne kai.

Ka kuma san ƙaryar da nake shirga mata dominka. Na ce aikinka a ƙasa yake, janareta kake zuba wa mai. Duk mai zuwa gaishe ta sai na tare shi a zaure na ja masa kunne. Rannan matar Yakubu maƙwabcinmu ta fara, "Ina ɗanki mai hawa…" na yi wuf na ce, "Mashin! Yana nan lafiya." Bakina ya gaji, wallahi.

Ban ce ka bar aikin ba. Ban manta lokacin da aka ƙone ƙarafan nan ba, muna yawo da waya a sama kamar mahaukata, muna neman muryar namu. Yanzu in wayata ta yi ƙara a kasuwa, nakan ce a raina, hannun ƙanena ne wannan. Ka hau, ɗan Dada. Ka maƙala kawai.

Ga cinikina na ƙarshe, ba ragi. Ka turo mini hoto, ƙugiya a jikin ƙarfe, in gani da idona. Idan Juma'a ta wuce ban gani ba, zan zauna kusa da Dada in buɗe mata na jiyan. Ka san ta. Mota za ta shiga da sandarta, ta zo gindin ƙarfen ta tsaya, kuma ba inda za ta motsa sai ka sauko a gaban oganku. Ni kuma in sha tawa tsinuwar, na yarda.

Allah ya riƙe maka hannu da ƙafa, duk hawan da ka yi ya sauko mana da kai lafiya. Ya kuma bayyana mana Hamma, ko labarinsa.

Taka, mai fushi da kai,
Adda Fadi