Ƙirga Ta Cika Ba Ni a Ciki

Litinin, 6 ga Mayu

Yau ma a falonmu shugabannin ƙungiyar sikawut ɗin su Yaya suka taru. Abba, da Kawu mai gyaran wuta, da Mai Kemis na bakin titi, da tsohon malamin nan da yara ke kira Baba Usur a bayan idonsa. Duk aikin sa kai suke, ba mai biyansu, amma in ka ji musunsu sai ka rantse gado ake rabawa. Maganar dai ita ce ta makon jiya: a ɗauki 'yan mata ko kar a ɗauka.

Ni shayi kawai na kai.

Kawu na cewa yara sai raguwa suke, rabin unguwa kuma mata ne. Mai Kemis ya ce shi iyaye yake ji, in suka janye 'ya'yansu tantuna za a koya wa ɗaurin igiya? Baba Usur bai ɗaga murya ba. Ya ce namiji na bukatar wurin da zai faɗi ya yi kuka babu mace na kallo, a sa yarinya ɗaya a gani, duk za su koma zakaru. Abba kuwa sai juya cokali yake.

Sai Kawu ya ce to a gwada mana, ranar Asabar akwai tafiyar dutse, a je da yarinya ɗaya. Ya waiga. Ni ce a tsaye da faranti.

"Ga ta nan ma."

Na so in ce a'a. Wallahi na buɗe baki. Kofuna ne kawai suka yi ƙara.

Talata, 7 ga Mayu

Duk ƙanwata Auta ce ta jawo mini. Ita ke son abin, ta daɗe tana damun Kawu, har da tsohon ƙyallen wuyan Yaya take barci. Amma an ce ta yi ƙanƙanta da tafiyar dutse. Ɗazu ta shigo ɗaki ta zauna a kan ƙafata, ta ce, "Anti, don Allah kar ki ɓata mini. In kika yi kuka sun hana mu ke nan."

Ni da ko a aji malama ta kira ni sai na ji kamar fitsari zai zubo.

Laraba, 8 ga Mayu

Ko in ce cikina na ciwo?

Juma'a, 10 ga Mayu

Yaya ya ara mini takalminsa, na cusa auduga a gaba. Ya ce, "Malama Shiru, kar ki kuskura ki ɗauko littafin soyayyar nan, ki ja mini abin kunya." Na ce to. Na saka shi a ƙasan jaka, ƙarƙashin tawul. Ba don in karanta ba, don dai in san yana nan.

A littafin, yarinyar ta ɓata a daji, wani dogo mai tabo a gira ya tsince ta, ya yafa mata rigarsa. Na karanta wurin har takardar ta yi laushi. Yau da na sake dubawa sai na ga marubuciyar ba ta ce komai a kan macizai ba.

Asabar, 11 ga Mayu

Na dawo. Hannuna ba zai riƙe biro ba. Gobe.

Lahadi, 12 ga Mayu

Bari in rubuta yadda abin ya faru, ko zai bar ƙirjina.

Suna da wata al'ada. Kowane yaro na da lambarsa tun ranar da ya shiga. In an busa usur sai su jeru, wannan ya ce ɗaya, wancan ya ce biyu, har na ƙarshe ya ce "Mun cika!" sai a tashi. Ba a kallon fuska, kunne ake sawa. A bakin mota da safe Kawu ya ce a ba ni lamba, Baba Usur ya ce lamba ta wanda aka ɗauka ce, ni baƙuwa ce. Kawu ya ce ba komai, tana gefena. Na ji daɗi ma, don ba sai na yi ihu a gaban maza ba.

Tafiyar ba ta kai yadda na tsorata ba. Yaran ba su kula ni ba, sai dai da gaske sun koma zakaru, kowa na tsallake dutsen da ba a sa shi ba. Na sha ruwa da yawa saboda duk lokacin da wani ya kalle ni sai in kai gora baki.

Da muka tsaya hutu a bakin rafi abin ya matse ni. Su sai su juya baya a jikin bishiya, shi ke nan. Ni fa? Wa zan gaya wa? Kawu na can gaba yana gyara wa wani jaka, Yaya na cikin abokansa. Na jure har idona ya kawo ruwa. Sai na sulale. Na yi nisa sosai, na zaga bayan wasu manyan duwatsu, na ƙara gaba don kar ko motsina a ji.

Na ji usur ina can. Na ji ƙirgar daga nesa, har "Mun cika!" Na ce ai za su jira.

Da na fito babu kowa. Ciyawar da suka zauna a kai duk ta kwanta, ga ɓawon lemo, hanya kuma ta rabu biyu.

Ban taɓa sanin shiru na da ƙara ba. Na so in kira, na kasa. Na bi hanyar dama kaɗan, sai na tuna Yaya na yi wa ƙananan yara faɗa cewa wanda ya ɓata ya tsaya inda yake. Na dawo na hau dutse na rungume jaka. Kowane ganye ya motsa sai in ce maciji ne. Wani ƙadangare ya tsaya yana gyaɗa mini kai kamar ya san komai. Na yi addu'a duk wadda na iya. Na yi tunanin Umma. Na yi tunanin Auta, sai kukan ya zo, na toshe baki da mayafi duk da ba mai ji.

Ba dogo mai tabo a gira ba ne ya zo. Baba Usur ne, da gudu, tsoho da shi, hularsa a hannu, yana haki kamar zai faɗi. Ya dafa gwiwa. Ya ɗago ya dube ni.

"Kin ji ciwo?"

Na girgiza kai.

"Tun safe idona na kanki, ina jiran ki yi kuskure. Shi ya sa na ga ba kya nan." Ya goge fuska. "Kawunki ya ɗauka kina baya wurina. Ni na ɗauka kina gaba wurinsa. Me ya kai ki?"

Na sunkuyar da kai. Bai sake tambaya ba.

Talata, 14 ga Mayu

Magana ta zaga unguwa. Wai na ɓuya ne in karanta littafin soyayya. Yaya ne ya gan shi a jakata a mota, ya ɗaga shi sama don haushi, kowa ya gani. Umma ta je sayen maganin tari, Mai Kemis ya ce mata, "Kin gani ko? Mu muna ƙirga yara, ita tana ƙirga samarin takarda." Umma ta dawo ta tambaye ni, ita na gaya mata gaskiya. Ta yi salati ta ce, "Maza huɗu da gemunsu, ba wanda ya yi wannan tunanin?" Ta ce bari ta gaya wa Abba. Na riƙe zaninta na roƙe ta kar ta yi. Ta ce to, bakina ne, amma in sani ranar Alhamis za su yanke, kuma sun ce in zo in yi bayani.

Auta ba ta yi mini magana tun Lahadi. Ta ninke ƙyallen ta mayar ɗakin Yaya.

Laraba, 15 ga Mayu

In na yi shiru, an rufe ƙofa, kuma ni ce sila. In na yi magana, sai na faɗi wannan kalmar a gaban Abba. Na gwada a gaban madubi, ko ni kaɗai ban iya ba.

Alhamis, 16 ga Mayu

Da yamma suka zo. Aka sa mini kujerar roba a tsakiya kamar mai laifi. Ina jin numfashin Auta a bayan labule.

Mai Kemis ya fara, ya ce Allah ya rufa asiri, da wani abu ya same ni da ƙungiyar ta mutu, shi dai ya faɗa tun farko. Kawu ya ce laifin na wanda ya hana lamba ne. Baba Usur ya ce ya ɗauki wannan, amma lamba ba ta hana mutum sulalewa. Suka yi ta yi kamar ba na wurin.

Abba ya ce, "To, ke muke saurare. Littafi kika je karantawa?"

Na ce a'a. Ban ji muryata ba, sai da ya ce in ɗaga.

Na kalli ƙafar tebur. Na ce, "Fitsari ne ya matse ni, Abba. Kuma babu macen da zan gaya wa."

Na ɗauka ƙasa za ta tsage. Ba ta tsage ba. Fanka kawai ke juyawa. Kawu ya sosa ƙeya. Mai Kemis ya ɗauki kofin da babu komai a ciki ya kai baki. Abba ya ce "Subhanallahi" a hankali, bai kalle ni ba.

Baba Usur ne ya yi magana. Ya ce shi ra'ayinsa na nan, har gobe yana ganin maza na bukatar wurinsu. Amma ba zai yarda a rubuta cewa yarinya ce ta kasa ba, don su ne suka kai 'yar mutane daji ba mace, ba lamba. Ya ce in har za a yi, sai da babbar mace a cikin shugabanni, 'yan matan kuma da rukuninsu daban. In ba a samu mace ba, a bar maganar.

Mai Kemis ya yi dariya ya ce, "Wace mace ce za ta bar hutunta ta bi ku hawan dutse kyauta? An gama ke nan."

A haka suka tsaya. Na fito na shige banɗaki na kulle, na buɗe famfo har ruwa ya jiƙa mini hannun riga.

Juma'a, 17 ga Mayu

Yaya ya ajiye mini littafina a kan gado. Auta ta tambayi Umma ko za ta zama shugabar. Umma ta ce da wannan gwiwar? Ta tambayi matar Kawu, ta ce ita ko kyankyaso ta gani sai ta hau kujera.

Ni dai na gama nawa. Ba zan sake zuwa ko'ina ba.

Litinin, 20 ga Mayu

Akwai wata nas a benen da ke bayanmu, doguwa, mai tafiya kamar ana bin ta. Ban taɓa gaishe ta da ƙarfi ba, tsoronta nake ji. Yau na dawo daga makaranta na tsinci kaina a matakalarsu. Na hau, na sauko, na sake hawa. Na ƙwanƙwasa a hankali yadda ba za ta ji ba, amma ta ji.

Ta buɗe da buroshi a baki ta ce, "Lafiya, 'yan mata? Waye ba lafiya?"

Na ce kowa lafiya. Na yi mata bayani a tsaye, ina ta haɗa kalmomi da juna. Ta ce in sake daga farko, na sake. Ta tambaya wa ya aiko ni, na ce ba kowa. Ta ƙare mini kallo, ta ce Asabar ɗaya tana aiki ɗaya tana hutu, za ta zo ta ga tsofaffin nan da idonta tukuna. Sai ta ce, "Ku nawa ne 'yan matan?"

Na ce mu biyu ne zuwa yanzu.

Ban san me ya sa na ce biyu ba. Auta kawai nake nufi.