Maganin Rashin Barcin Baffa Sadisu

Baffa,

Ina gaishe ka da ladabi. Yaya iyali da mutanen Batsari? Ni lafiya lau, sai dai ranar ƙasar Turawan nan marowaciya ce, ƙarfe uku take faɗuwa.

Ka ce barci ya ƙaurace maka, in aiko magani. Baffa, a kan ɓeraye nake nazari, ba mutane ba. A jikinsu na ga hasken safiya yana shiga ido, ya kai saƙo ga ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, su saita lokacin barci.

Saboda haka ka riƙa sammako zuwa gonarmu ta Runka, wadda ka ƙwace wa Inna tun kafin sadakar ukun Baba. Can rana wadatacciya ce. 'Yan bindigar da suka harbe Baba ma suna can, za su taya ka hira.

Allah ya ƙara sauƙi.

'Yarka, Zuwairatu