Tabon Jikin Ƙofa

Mainz, Nuwamba 1950

Zuwa ga yayata Hedwig,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Ya ciwon gwiwarki, ya Alois da yara? Mama na gaishe ki, tarin nan nata dai sai a hankali.

Yaya, hankalina a tashe yake. Kin san zanen da nake yi da fentin ruwa, ɗakuna wayam, ba mutum ba kujera, waɗanda kike cewa suna sa ki jin sanyi. An rataye wasu a ɗakin karatu na gari. Ran Asabar wata mata mai suna Selma Lewin, wadda ta dawo daga Ingila, ta tsaya gaban zanen falonmu ta kasa motsi. Ta nuna wani siririn tabo da na zana a jikin ƙofa, ta ce nan mahaifinta ya kafa ɗan bututun addu'ar da Yahudawa ke sawa. Gidansu ne, Yaya. A danginta ita kaɗai ta tsira daga kisan da aka yi wa Yahudawa lokacin yaƙi. Yanzu ta kai ƙara tana neman gidan.

Wendland mai gidan hayarmu ya rantse a kotu cewa danginta ba su taɓa zama a nan ba. Bara ya shafe tabon da fenti, ni kuwa na zana falon tun kafin nan. Selma na so in kai zanen, in yi shaida.

Jiya Wendland ya tare ni a matakala yana murmushi. Ya ce, "'Yar zane, sanyin bana ba ya wasa. Tsohuwarki za ta iya kwana a tashar jirgi kuwa?" Tun daga nan ya kulle rumbun gawayi.

Ki taya ni da addu'a.

Ƙanwarki,
Irmtraud

Mainz, Disamba 1950

Yaya Hedwig,

Ina gaishe ku baki ɗaya, da fatan yara sun warke daga mura.

Na so in noƙe. Mama ce ta jawo zanen daga ƙarƙashin katifarta, inda muka ɓoye shi bayan na karɓo shi daga ɗakin karatu, ta ce, "Ke, da wannan idon naki na kaza kika gani, je ki faɗa. Tari ba zai kashe ni yau ba."

Na je. Na yi shaida, Wendland na zaune yana kallona. Lauyansa ya ce ɗigon fenti ne kawai. Alƙali ya aika aka kankare ƙofar, ga ramukan ƙusa biyu. Da aka miƙa wa Selma zanen, ta ɗora yatsa a kan tabon, ta sumbaci yatsan.

Sai bazara za a yanke hukunci. Mu kuwa Wendland ya ce mu tashi kafin ƙarshen wata. Ki share mana ɗakin bayan kicin, ki sa gadon Mama kusa da murhu.

Taki har kullum,
Irmtraud