Lamba Goma Sha Bakwai a Titin Haɗin Kai

Daga: Nazmiyya Salih, wadda aka fi sani da Umm Riyad,
Bayan gidan burodin Abu Mazin, Dair Lauza.
9 ga Mayu, 2010.

Zuwa ga: Mai girma Shugaban Hukumar Garin Dair Lauza.

Game da: Lambobin da hukumarku ta manna wa gidajenmu

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta addini da fatan mahaifiyarka ta ji sauƙin gwiwarta, ina neman izinin shigar da kuka kamar haka:

1. Ɗana Riyad yana aiki a Amurka. Bara ya cike takardar neman a bar matarsa Lubna ta bi shi, ita da 'yarsu da bai taɓa ɗauka a hannu ba. Da ya zo gurbin adireshinta sai ya rubuta gaskiya: gidan Umm Riyad, bayan gidan burodi, daura da ɓauren da aka sare. Lauyansa ya ce mutanen can ba su san Abu Mazin ba, abin tausayi, sai an kawo sunan titi da lamba.

2. Muka gode Allah da ya ba mu hukuma mai hangen nesa, domin a watan ne kuka raɗa wa lungunmu suna Titin Haɗin Kai, kuka aiko ma'aikata da shuɗayen farantan lamba. Yara ne masu tarbiyya. Maƙwabta suka shimfiɗa musu tabarma, aka ciyar da su shinkafa da naman rago, daga nan suka ji nauyin su ba dattijo lamba ta ƙasa da ta yaro. Sai aka raba lambobin bisa girma. Mai unguwa, da ke can ƙarshen lungu, ya karɓi ɗaya. Yayansa da ke bakin titi ya ce shi aka fara haifa, aka buga masa wata ɗayar. Liman ya ɗauki biyu don tawali'u. Ni da mijina ya rasu aka ba ni goma sha bakwai, na yi godiya, na aika wa Riyad, ya rubuta ta daidai.

3. Ranar 3 ga Maris takardar kiran Lubna ganawa a ofishin jakadancin Amurka ta iso garin nan a hannun sabon ɗan aike, mai ilimi, wanda ya iya ƙirga. Ya sami goma sha shida, ya leƙa gaba da ita, ya tarar da garken awakin Hajji Daud. Ya tambayi masu zaman ƙofar gidan burodi ina Titin Haɗin Kai yake, suna zaune a kansa, suka ce ya gwada birnin Irbid. Abu Mazin ya ce mini daga baya, "Haba Hajiya, da ɓauren ya ambata ai da na kai shi da kaina." Takarda ta koma da hatimin cewa babu mai wannan suna. Ranar ganawa ta wuce muna nan muna tsince wake.

Don haka nake roƙo, cikin ladabi, a ba ni wasiƙa mai hatimin hukuma da ke shaida cewa gidana yana nan inda yake tun kafin a haife ka, kuma Lubna tana cikinsa, domin lauya ya nemi wata rana. Ina kuma roƙon a jera lambobin bi da bi. Idan ana tsoron ran manya ya ɓaci, a bar wa kowa ɗayarsa a bangon falo.

Halin da ake ciki yanzu: mai unguwa da yayansa ba sa ga maciji, ɗan aiken an ƙara masa girma, Riyad yana can yana cin abincin gwangwani. Lubna ta kwance akwatinta ta mayar da kaya cikin kabad. Yarinyar ta fara tafiya ranar Juma'a, ni na tare ta.

Allah ya ƙara wa hukuma basira.

Taku cikin girmamawa,
Nazmiyya Salih (Umm Riyad)