Shanyar Zoɓo a Filin Ƙwallon Kwando

Daren Laraba, Gumel

Yau ma na tarar da shanyar zoɓo a kan simintin filin ƙwallon kwando na kwaleji, ja wur har gindin raga. Na Alhaji Sabo ne, babba a ofishinmu, daga gonarsa ta Ɗanzomo.

Na rusuna na gaishe shi, na ce, "Ranka ya daɗe, gasa ta matso, yarana ba su da wurin atisaye."

Ya yi murmushi ya ce, "Koci, zoɓo dai yana ciyar da gida. Wannan tsalle-tsallen naka wa ya taɓa ciyarwa?"

Na haɗiye fushina. Ni ya ciyar. Wasan nan ne ya fito da ni daga Sule Tankarkar, ya kai ni makaranta. Kuma an ce in muka sake dawowa hannu rabbana, za a rushe ƙungiyar.

Da yamma ni da 'yan wasana muka ɗure masa zoɓonsa a buhu tsaf. Shanya ai sai rana ta fito. Na ce su hallara gobe bayan sallar asuba. Kafin Alhaji ya kwance buhunansa, mun gama zufarmu.